Mama da Shafi na Sha Huɗu

Litinin, 4 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Yau na ga abin da ban so na gani ba. Na shigo daga shago in ɗauki gam, na tarar da Mama a teburinta na bakin taga, takardun majalisa a gabanta, fensir a hannu, kamar kullum. Duk shafin da ta gama karantawa sai ta yi masa 'yar ƙugiya a kusurwar ƙasa, ta lashi yatsa, ta juya. Tun ina ƙarami haka take yi. Shekararta goma sha tara tana kansila, ita ce mace ta farko da ta taɓa zama a majalisar birnin nan, kuma ba ta taɓa sa hannu a takardar da ba ta karanta har ƙarshe ba. Shi ya sa suke ce mata Shafin Ƙarshe. Da tsokana suka fara, yanzu har amsawa take yi.

Na tsaya a bayanta. Shafin da ke gabanta fari ne fat, injin buga takarda ya tsallake shi, ko ɗigo babu. Ta bi shi da fensir daga sama har ƙasa, layi-layi. Ta gyaɗa kai, ta yi masa ƙugiya, ta juya.

Ta ce, "Auta, warin katako ya riga ka shigowa. Daina tsaya mini a ka kamar falwaya."

Na ɗauki gam na koma. Na manne ƙafar kujera a juye, sai da na sake ɓamɓarewa.

Ni kafinta ne, ba mai rubutu ba, a aji biyar na tsaya. Amma ba wanda zan gaya wa, sai wannan littafin da nake rubuta awon ƙofofi a ciki.

Laraba, 6 ga wata, da rana

Ta zuba shayi bai zube ba. Wataƙila ni ne nake neman magana.

Alhamis, 7 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Gwaggo ta zo da mata goma sha biyu, kumfa duk ta bushe a hannayensu. Ba 'yar'uwarmu ba ce, ita ce shugabar mata masu wanki, amma tun da na iya magana Gwaggo nake ce mata. Wurin wankinsu na bayan kasuwa, mai famfo takwas da dakalin siminti, shi ne aikin farko da Mama ta yi a majalisa. Kafin nan a bakin kwata suke tsugunawa.

An liƙa musu takarda a bango. Za a rushe wurin a yi tashar mota. Kwamitin ayyuka ya amince, mutum biyar sun sa hannu, majalisa za ta jefa ƙuri'a ranar 26.

Tun daga ƙofar gida Gwaggo ke kira. "Ke! Fito ki ce mini ƙarya suke yi."

Mama ta fito, hannunta ɗaya a jikin ƙyaure. Gwaggo ta danƙa mata takardar da ta ɓallo daga bango. Mama ta daɗe tana riƙe da ita.

"Zan duba."

"Za ki duba? Ke da kike dubawa kafin, yau kuma sai bayan? Sa hannunki ne ko ba naki ba ne?"

Na leƙa ta kafaɗarta. Nata ne. Na san shi kamar yadda na san gudumata.

Mama ta ce, "In yana nan, to nawa ne."

Gwaggo ta ce, "Mu muka bi gida-gida da ke lokacin da maza ke mana dariya. Wannan ƙaton ni na goya shi don ki je taro. Yau mu za ki yi wa wannan?"

Ba su yi sallama ba suka tafi.

Lahadi, 10 ga wata, bayan azahar

Mama ta shigo shago. Ba ta cika shigowa ba, wai ƙurar katako na sa ta tari. Ta ce in tura ƙofa. Ta lalubi benci da gwiwa ta zauna, ta miƙo mini rahoton kwamitin, shafi ashirin da biyu.

"Karanta mini, kaina ke ciwo."

Na goge hannu na fara. Manyan kalmomi ne, wasu sai na raba su uku kamar katako kafin su fito.

"Auta, karatu kake yi ko tura mota kake a yashi?"

"Ga Baba can a zaune, Mama, ki ba shi."

"Babanka a shafi na biyu zai fara minshari. Ci gaba."

In na yi tuntuɓe da kalma sai ta ƙarasa mini, fuskarta na kallon bango. Mun ci shafi shida. Duk maganar kwalbati ce da kwalta.

Lokacin da na bar makaranta wata guda ta yi ba ta yi mini magana ba. Yau da za ta tashi ta ce, "Ashe aji biyar ɗin ma bai tafi a banza ba." Na kasa cin abinci don murna, abin kunya.

Talata, 12 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Mun same shi. Shafi na sha huɗu, can ƙasa, tsakanin faɗin magudanar ruwa da yawan fitilun titi. Layi ɗaya da rabi ne: filin da ke bayan kasuwa, tare da ginin da ke kansa, za a mayar da shi tashar mota. Ko kalmar wanki babu a ciki.

Ta ce in maimaita. Na maimaita.

"Akwai ƙugiyata a ƙasa?"

"Akwai."

Ta ce shugaban kwamitin ne ya karanto musu taƙaitaccen bayani a zama, bai ambaci wannan ba. Shi ne wanda muke ce wa Mai Alƙalami Uku, don kullum uku ne a aljihun rigarsa kuma ba a taɓa ganin ya yi rubutu da ko ɗaya ba. Sauran suka sa hannu nan take. Ita ta ce sai ta tafi da shi gida, kamar yadda ta saba.

"Kwana biyu na zauna da shi, Auta. Kwana biyu ina juya shi."

Can ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

"Litinin waccan."

"Wa ka gaya wa?"

"Littafin awo."

Ta yi dariya, gajeriya. Sai ta kamo wuyan hannuna, ba ta kama daidai ba da farko. Ta ce kada in kuskura kowa ya ji. In suka ji, ba za su bari ta ƙara sati a kujerar nan ba, kuma za su ce ga dalilin da ya sa ba a ba mace. Ta ce shekara goma sha tara suna jiran ta yi kuskure ɗaya.

Na ce to Gwaggo fa, ita da take ganin an sayar da su?

Ta ce, "Na ce kowa."

Alhamis, 14 ga wata, da safe

Gwaggo ta aiko da kayan wankinmu. An ninke su tsaf, an ɗaure. Ba a wanke ba.

Juma'a, 15 ga wata, ƙarfe shida da rabi na safe

Wani ya yi rubutu da gawayi a bangon gidanmu. Ba zan kwafe shi a nan ba. Na ɗebo ruwa da buroshi na hau gogewa da sauri don kada Mama ta fito ta gani. Ina tsakar gogewa na tuna. Na dai ƙarasa.

Asabar, 16 ga wata, da yamma

Baba ya zo shago ya zauna a kan tarin katako yana kallona. Tun da ya bar tuƙin bas babu abin da yake so kamar ya ga wani na aiki. Ya ce in je in goge kusurwar teburin tsakar ɗaki, ta yi kaifi. Na ce shekara goma teburin nan yake a haka. Ya ce to yanzu ta yi kaifi.

Na ajiye zarto na dube shi. Ya dube ni.

Ya ce, "Wata takwas nake ajiye wa Mamanka takalmi a wuri guda. Kofi a hannun dama. In zan shiga ɗaki sai na yi tari. Tana zaton mura ce ta ƙi sakina, har magani ta sa aka sayo mini."

"Ta san ka sani?"

"Ina! Kai ma kada ka gaya mata."

Gida ɗaya, mutum uku, kowa na ɓoye wa kowa abu ɗaya.

Sai ya ba ni labarin ranarta ta farko a majalisa, wanda na ji ya fi sau ashirin, amma na bar shi. Sun ajiye mata kujera a bakin ƙofa kusa da butar shayi. Ciyaman na lokacin ya ce tun da tana kusa, ta taimaka musu. Ta ce to, bari ta gama karanta takardar da ke gabanta. Awa huɗu tana karatu tana tambaya, wannan rijiyar ina take, wancan titin wa ya gan shi. Ranar ba wanda ya sha shayi. Kuma ginin gaba ɗaya babu banɗakin mata. Shekara biyu tana tsallaka titi zuwa makarantar 'yan mata, sai da ta kawo ƙudiri ta karanta shi a gabansu, suna ta sunkuyar da kai.

Baba ya ce, "Ni nake jiranta a waje da bas, fasinja na zagina."

Na je na goge kusurwar teburin, duka huɗun.

Litinin, 18 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Mai Alƙalami Uku ya zo gaishe da Mama. Uwarmu kaza, Uwarmu kaza. Ya zaro wata takarda ya sa mata a hannu, ya koma ya jingina yana murmushi.

"Karanta mana, Uwarmu, ki ji abin alheri."

Mama ko gezau. Ta ce, "Auta, karɓi, hannuna da maiƙo." Na karanta. Wai in an gama tashar, sunanta za a sa mata.

Ta ce, "A rushe wa mata famfo, a rubuta sunana a kan kangon?"

Ya ce, "Uwarmu, kin yi aiki. Mutum in ya gaji sai ya huta da mutuncinsa. Ki bari ranar 26 ta wuce lafiya, ki ƙarasa wa'adinki. Ba wanda zai ji komai daga bakina."

Ya sani. Ban san yadda aka yi ba, amma ya sani, kuma tun kafin ya rubuta shafi na sha huɗu ya sani.

Da ya tafi ta ce in buɗe tagogi, turarensa ya cika mata ɗaki.

Laraba, 20 ga wata, bayan azahar

Baba ya raka ta asibiti, wai don ciwon kai. Sun dawo. Baba bai taɓa abincinsa ba.

Alhamis, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

Turken igiyar shanya ya karye a wurin wanki, na ji labari na ɗauki kayan aiki na je. Ba wanda ya kira ni. Matan suka ci gaba da wanki kamar ba su gan ni ba. Famfo takwas ɗin duk suna zuba.

Ina kafa turken Gwaggo ta zo ta tsaya.

"Ita ta aiko ka?"

"A'a, Gwaggo."

"Gyara me kake yi wa abin da za a rushe?"

Na ce igiya dai ba ta san da wannan ba. Ta kusa yin dariya, ta danne.

Ta ce, "Da ta zo ta ce mini ta gaji da mu, da na gane. Mutum yana gajiya. Amma ta dubi tsabar idona ta ce za ta duba?"

Maganar ta zo mini har maƙogwaro. Kalma uku kawai, "ba ta gani," da Gwaggo ta bar wankin ta ruga gidanmu. Na sa ƙusa a baki na riƙe da haƙori har ta tafi.

Juma'a, 22 ga wata, da rana

Mama ba ta fita ba. Tana zaune a bakin taga, fensir a hannu, babu takarda.

Asabar, 23 ga wata, ƙarfe uku na yamma

Ta shigo shago da wani ƙaramin littafi da bangonsa ya tsufa, dokokin zaman majalisa. Ta ce in nemo doka ta ashirin da biyu. Ina fara karantawa ta karɓe da ka, har inda aka sa waƙafi. Wanda ya sa hannu a rahoto yana iya janyewa kafin ƙuri'a, in ya faɗi dalilinsa a gaban majalisa. Rahoton da bai cika hannu biyar ba kuma ba a jefa masa ƙuri'a.

Na ce, "To ai shi ke nan, Mama."

Ta ce, "Dalilin fa? Ba zan tsaya a can in yi ƙarya ba. In na faɗi gaskiya kuma, ka san sauran."

Ta shafa bencin da take kai, ta ce ban goge shi da kyau ba. Sai ta ce, "Kai me ka gani?"

Ba ta taɓa tambayata ra'ayi a kan aikinta ba. Na ce ni dai na gaji da Gwaggo ba ta zagina, sati biyu ke nan ba ta ce mini ƙaton banza ba.

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ni ma." Ta tashi, ta ƙi in kama mata hannu.

Litinin, 25 ga wata, da yamma

Baba ne ya wanke mata kayan da za ta sa gobe, shi ya yi guga. Ya ƙona gefen mayafin. Ya nuna mini a ɓoye, ya ce a hankali, "Ba za ta lura ba." Sai muka dubi juna.

Daga ɗaki ta ɗaga murya, "Ina jin ƙauri! Direba, me ka ƙona mini?"

Ban san me za ta yi gobe ba. Ban tambaya ba.

Talata, 26 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Zan rubuta a hankali don kada in bar komai.

Ni da Baba muka zauna a bencin baya, inda jama'a ke zama. Gwaggo da matanta suna gabanmu, hannu a harɗe. Da magatakarda ya kira rahoton kwamitin ayyuka, Mama ta miƙe, yatsunta a kan tebur.

"Ranka ya daɗe Ciyaman, bisa doka ta ashirin da biyu, na janye sa hannuna."

Wuri ya ɗauki hayaniya. Ciyaman ya buga tebur, ya ce doka ta ce sai da dalili.

"Dalilina, ban karanta ba."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya. "Shafin Ƙarshe ce ba ta karanta ba?"

Ta ce, "Ban karanta ba. Na riƙe shi kwana biyu, na yi masa alama shafi-shafi, na yaudare ku, na yaudari kaina. Ciyaman, daga nan inda nake ba na ganin fuskarka. Da muryarka nake sanin inda kake. An yi watanni a haka, likita kuma ya ce ba dawowa zai yi ba. Na ɓoye don ina son kujerar nan, ɓoyewar kuma ta kusa cinye wa matan can wurin sana'arsu."

Na ga kafaɗun Gwaggo sun sauka. Baba ya damƙe mini gwiwa har yanzu tana ciwo.

Mama ta ce, "Ni ga dalilina. Yanzu duk wanda ya karanta shafi na sha huɗu a cikinku ya ɗaga hannu. Ni ba zan gani ba, magatakarda zai ƙirga mini."

Na duba layi-layi. Wannan na gyara hula, wancan na neman abu a aljihu. Mai Alƙalami Uku ya ɗago hannu zuwa ƙirji, ya ga in ya ɗaga ya amsa cewa ya san abin da ya tsallake, sai ya kama alƙalami ɗaya yana murzawa.

Magatakarda ya ce, "Babu, ranki ya daɗe."

Ta ce, "To. Ni ido ne. Ku mene ne?"

Matan wanki suka fashe da shewa, Ciyaman na buga tebur ba mai jinsa. Mutum biyu suka tashi su ma suka janye hannu, ko dalili mai kyau ba su da shi. Aka cire rahoton, ba a jefa ƙuri'a ba. Famfunan suna nan.

Kafin a tashi Mai Alƙalami Uku ya ce ya kamata majalisa ta duba ko mai irin wannan lalura za ta iya ci gaba da zama. Ciyaman ya ce sai zama na gaba. Na ƙirga fuskoki, ba na jin za ta tsira. Mama ta ce, "Ku kawo shi a rubuce, a karanta mini har ƙarshe."

A waje, a saman matakala, na matso in kama ta. Gwaggo ta ture ni da gwiwar hannu.

"Matsa, ƙaton banza." Ta juya ga Mama. "Ni kika ɓoye wa? Ni? Kawo hannun, shashasha."

"Ki yi mini magana da ladabi, har yanzu kansila ce ni."

"Zuwa sati mai zuwa dai. Sauko, ga ɗaya."

Suka fara sauka a hankali, Gwaggo na ƙirgawa tana faɗa. A matakala ta huɗu Mama ta tsaya, ta kifa kanta a kafaɗar Gwaggo, ta yi kuka. Tun da aka haife ni ban taɓa ganin hawayenta ba. Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe su su biyu, ta daka wa jama'a tsawa wai me suke kallo.

Na san Mama, gobe za ta ce ba a yi haka ba, ƙura ce ta shiga mata ido. Shi ya sa nake rubutawa. Ba ni kaɗai na gani ba. Baba ya gani. Masinjan majalisa ya gani, da ɗan sandan bakin ƙofa, da mai sayar da jarida, da magatakarda da ya biyo ta da fensirin da ta bari a kan tebur. Matan wanki goma sha biyu ma duk suna wurin.